Tikitin Inna Rahamatu

Taƙaitaccen bayanin al'amarin, ga wanda ba shi da sukunin bin sa daki-daki, shi ne kamar haka. A shekarar da darajar naira ta riƙa sauyawa tsakanin sallar asuba da ta azahar, Alhaji Mika'ilu dillalin hatsi, mazaunin Birnin Kudu, ya ɗauki nauyin kai mahaifiyarsa, Inna Rahamatu ta Farin Dutse a ƙasar Gwaram, aikin Umara cikin watan azumi. An yi fasfo, an samu biza, an biya kuɗin masauki, an yi sallama da dangi. Abu guda ya rage, wato tikitin jirgi, kuma a kan wannan abu guda aka cinye ƙarshen Rajab da Sha'aban baki ɗayansa da goman farko na Ramadan. Ba a yi asarar rai ba, ba a kuma kai ƙarar kowa ba. Cikakken bayani yana biye.

Ya kamata a fara da gyara wani kuskure. Alhaji Mika'ilu bai taɓa zuwa Makka ba. A kasuwar Sara aka ba shi alhazancin, ranar da ya fara loda mota guda ta riɗi da kuɗin kansa, kuma da yake babu wanda ya nemi ganin shaida, sai sunan ya zauna. Abin da ya sani sani na haƙiƙa shi ne ciniki. Ba ya sayen kaya da safe, lokacin da mai kaya yake da ƙarfinsa da burinsa. Ba ya karɓar farashin farko ko da ya yi masa daɗi. Yakan taya, a ce masa albarka, ya kaɗa riga ya yi gaba, ya je ya sha fura a inuwa. In la'asar ta yi sanyi, baƙauyen da ya kawo buhu uku a amalanke ya fara tunanin wahalar mayar da su gida, sai ga Alhaji Mika'ilu ya ɓullo kamar hanya ce ta biyo da shi. Wannan dabara ta gina masa gida, ta aurar masa da 'ya'ya mata, ta saya masa babur. Ba shi da wani dalili na yin shakkarta.

Inna Rahamatu kuwa ta daɗe tana tanadi. Ta yi kiwon bajimai biyu har suka ƙoshi, ta sayar, ta haɗa da kuɗin riɗin gonarta na shekaru, ta aiko wa ɗanta da su. Shi kuma ya ɗora nasa a kai, domin shi zai raka ta. Bayan an cire na biza da masauki, abin da ya rage don kujeru biyu naira miliyan ɗaya ne da dubu ɗari takwas.

Mai shirya tafiyar wata Hajiya Zulfa ce, 'yar asalin garin nan da ke da ofishin jigilar masu Umara a Kano. Ranar da ya fara kiranta a kan maganar tikiti muna zaune a dakalin ƙofar gidansa, mu tsofaffin ma'aikata da ba mu da sauran ofis sai wannan. Ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji, domin a wurinsa ciniki ba 'yan kallo asarar basira ce.

"Dubu ɗari tara kujera ɗaya, zuwa da dawowa," in ji Hajiya Zulfa. "Farashin yau ke nan, Alhaji. Kuɗinka ya yi daidai da mutum biyu. Ka turo in yanka muku."

"Na taya dubu ɗari bakwai."

"Alhaji, ba ni nake sa kuɗin ba. Na'ura ce take fitarwa."

"To a shaida wa na'urar na taya bakwai."

"Ba ta jin Hausa."

"Mutum biyu ne fa, Hajiya. Sari ne wannan, ba sayen ɗai-ɗai ba."

"Ko Farin Dutse gaba ɗaya ka kwaso, haka za ta ce. Kuma azumi na matsowa, kujera na raguwa, dala ba ta zaune. Ni dai shawarata ka saya yau."

Ya dube mu ya kanne ido. Duk mai kaya haka yake faɗa, cewa kayan sun kusa ƙarewa, cewa yanzun nan wani ya taya ya tafi ɗauko kuɗi. Ya yi mata godiya ya kashe waya, ya ajiye ta a kan tabarma.

"Ku zuba ido," ya ce. "Za ta kira."

Sannan ya yi mana bayanin da ya riƙa maimaitawa har muka haddace. Jirgi mota ce mai fiffike. Direban da ya bar tasha da kujera babu kowa, in ya ga fasinja a bakin hanya, rabin kuɗi yake ɗaukarsa yana godiya. Haka mai jirgi. Ranar tashi in ta matso, kujerar da ba a saya ba iska za ta ɗauka zuwa Jidda kyauta. Saboda haka mai haƙuri shi zai sami kujerar la'asar.

Hajiya Zulfa ba ta kira ba, ranar nan ko washegari. Bayan 'yan kwanaki shi ya kira ta, wai yana tambayar labarin biza, kuma a ƙarshen magana, kamar abin bai dame shi ba, ya ce yaya kasuwar tikiti. Ta ce ya sauko zuwa dubu ɗari takwas da hamsin. Wannan ragi na dubu hamsin shi ne mafi munin abin da ya same shi a tsawon lamarin, domin ya tabbatar masa cewa na'ura ma tana gajiya. Ya ƙi saya. Wanda ya ga kasuwa ta fara gangarowa ba ya tare ta a tsakiyar gangara.

A farkon Sha'aban biza ta fito. Hajiya Zulfa ta yi bayani dalla-dalla cewa tana da wa'adi, wanda bai shiga ƙasar ba kafin tsakiyar azumi tasa ta mutu. Ta ce tana da ayari biyu, na farko zai tashi a ƙarshen Sha'aban don ya ɗauki azumi a Madina, na biyu kuma a goman tsakiya, daga shi babu wani. Alhaji Mika'ilu ya sa sunansu a na farko. Cikin murna ya aika Farin Dutse da saƙon cewa komai ya kammala.

Inna Rahamatu ta ɗauki kalmar kammala da ma'anar da aka san ta da ita. Ta bi gari gida-gida tana neman yafiya, har gidan matar da suka yi shekaru ba sa ga-maciji saboda rikicin akuya. Ta rarraba kajinta ga jikoki. Ta kulle ɗakinta ta ba maƙwabciyarta Hapsatu makulli. Kowace mace ta ba ta abin da ya sawwaƙa na guzuri, kowace kuma ta ɗora mata saƙon addu'a, wannan ciwon ƙafa, wannan ɗa da ya tafi kudu ya daina aike, wannan 'ya da ta shekara bakwai a ɗaki ba haihuwa. Liman ya yi addu'a a ƙofar gida. Aka yi mata lalle hannu da ƙafa, aka raka ta bakin titi da guɗa, wasu na kuka domin tsohuwa ce kuma hanyar da nisa. Ta sauka a Birnin Kudu da niyyar kwana biyu kafin a wuce Kano a jira ranar tashi.

A nan akwai wani abu da sai an faɗe shi za a gane yadda kwana biyu suka zama abin da suka zama. Mika'ilu ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ido da ido ba. In ya durƙusa a ƙofar ɗaki yana gaishe ta, sai ta amsa tana kallon bango. In tana da magana, sai ta faɗa wa matarsa Hadijatu, ko da shi yana tsugune a wurin. Ita kaɗai ce a duniya take da ikon ce masa ya saya yau, kuma ita kaɗai ce ba za ta iya buɗe baki ta ce masa haka ba.

"Hadijatu," takan ce da safe, "ko mai gidan nan ya ji wani labari daga mutanen jirgi?"

"Ana nan ana daidaitawa, Inna," shi kuma ya amsa daga bakin ƙofa. "Kasuwar ce ake jira ta kwanta."

"Hadijatu, Allah ya kwantar da ita."

Ba ta kwanta ba. A makon da Inna ta iso tikiti ya koma dubu ɗari tara, ya ce ba zai biya abin da ya riga ya ƙi ba. Ya haura miliyan ɗaya, ya ce tsoratarwa ce. Ya kai miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ya sauko da dubu tamanin, ya sake hawa. Alhaji Mika'ilu, wanda a da bai san kalar dala ba, ya samo lambar wani ɗan canji a Kano, ya riƙa kiransa kafin ya karya kumallo kamar mai tambayar jikin majinyaci. In an ce ta sauka da naira ashirin, sai ya fito dakali fuska a sake ya ce mu shaida, ta fara. In an ce ta hau, sai ya ce hawan ƙarshe ne, irin na kasuwa in za ta karye.

A gaskiya tun daga ranar da kujera ta wuce dubu ɗari tara, kuɗin da ke hannunsa ya daina isar mutum biyu. Yana da masara a rumbun ajiya a Sara wadda in ya sayar za ta cike giɓin. Amma masarar ma hawa take yi kullum, kuma dillalin kirki ba ya sayar da kayan da ke hawa. Sai ya zamana tikiti na hawa don haka bai kamata a saya ba, masara na hawa don haka bai kamata a sayar ba. Ya zauna a tsakanin waɗannan gaskiya biyu, kowace ta danne masa gefen riga.

Ayarin farko ya tashi babu su. Hajiya Zulfa ta mayar da sunansu cikin na biyu, ta caji kuɗin sauya masauki, ta kuma ce, "Alhaji, don girman Allah."

"Ranar da za su tashi nawa kujerar ta kai?" ya tambaye ta.

"Babu kujerar. Tun saura mako ta ƙare."

"Haka dai suka ce miki."

A cikin gida kuwa Inna Rahamatu ta zama baƙuwar da ba a nuna wa kowa. Komawa Farin Dutse ba ta taso ba. Wadda aka raka da guɗa, liman ya shafa mata fatiha, ta karɓi guzurin gari, da wane ido za ta sauka daga mota ta ce a ba ta makullinta? Fita cikin Birnin Kudu ma ba ta yiwu ba, domin mutanen Gwaram ba sa rabuwa da garin, wannan ya zo asibiti, wannan ya zo ɗaukar albashi, wannan yana jiran motar Kano. Da ta ji an yi sallama da muryar da ta yi kama da ta gida, sai ta shige ƙuryar ɗaki ta saki labule. Wayarta ta dame ta da kira, kowa yana son jin ko an sauka lafiya. Ba za ta yi ƙarya ba, ba kuma za ta iya faɗin gaskiya ba, sai ta sa Hadijatu ta kashe wayar ta jefa a ƙasan jaka. Mutanen Farin Dutse da suka ji waya a kashe suka ce ai dama layin Najeriya ba ya aiki a can.

Jakar tana nan a jingine inda aka ajiye ta ranar farko. Dambun naman da aka yi mata na guzuri ya fara sauya wari, ta ce a ba yara. Lallen ya koɗe, Hadijatu ta sake ƙunsa mata, shi ma ya koɗe. A karo na uku Inna ta janye ƙafarta ta ce a bari tukuna. Kullum bayan sallar walha takan zauna a kan buzu ta bi sunayen masu saƙon addu'a ɗaya bayan ɗaya, da abin da kowa ya roƙa, don kada tsufa ya zubar mata da wani a hanya.

Ana saura kwana kaɗan a ga wata sai ga Malam Abdulsamad daga Kiyako a kan babur. Malamin Islamiyya ne, ɗan ƙanin Inna, saboda haka shi da Mika'ilu taubasai ne, kowa yana cewa shi ne ubangidan ɗaya. Shi ma yana cikin ayari na biyu, wani tsohon ɗalibinsa ne ya ba shi kuɗin.

"Ina bawan nan nawa da ya ɓoye min gwaggo?" ya ce tun kafin ya kafe babur. "An ce ka kai ta Makka, ashe Makkar a bayan tashar Birnin Kudu take."

"Sauka ka gaida ubangidanka tukuna. Kai nawa ka sayi naka?"

"Dubu ɗari tara. Ranar da aka faɗa min na tura."

"Farashin farko? Ko tayi ba ka yi ba?"

"Ni ina na iya ciniki? Ko albasa aka ce min ɗari, ɗari nake miƙawa."

"Shi ya sa har yau kake kan wannan babur. Da ka jira mako ɗaya da ka ci ribar dubu hamsin."

"To kai da ka jira, nawa ka ci?"

Dakalin ya yi dariya, har da waɗanda bai kamata su yi ba tun da shayinsa suke sha. Alhaji Mika'ilu ya ce ba a ƙirga riba sai kasuwa ta tashi. Malam Abdulsamad ya shiga ya gaida gwaggonsa, ya daɗe a ciki, kuma da ya fito babu sauran wasa a fuskarsa. Ya ja taubashinsa gefe ya yi masa magana ƙasa-ƙasa. Abin da muka jiyo kawai shi ne amsar Mika'ilu, cewa ya ji daga majiya mai tushe dala za ta faɗi warwas a cikin azumi, kuma ba zai ɗauki kuɗin shanun tsohuwa ya watsa wa masu jirgi ba alhali saura ƙiris. Ina ganin da gaske yake. A ransa kuɗinta yake karewa.

Aka ɗauki azumi. Zafi ya sauko irin na bazara, dakalin ya koma ba mai magana sai bayan la'asar. Dala ta ɗan sassauta kamar yadda majiyar ta ce, amma tikiti bai bi ta ba, domin yanzu ba dala ke tura shi ba, jama'a ce. Duk mai hali a ƙasar nan yana son goman tsakiya ko na ƙarshe a Harami. Wannan ya ɗaure wa Alhaji Mika'ilu kai ƙwarai. Ya ce ko dai na'urar ba ta samu labari ba, ko kuma akwai munafunci a ciki.

Ranar tara ga wata da hantsi, Hapsatu ta Farin Dutse, wadda makullin ɗakin Inna ke hannunta, ta zo asibiti a duba mata ido. Da ta gama, sai ta ce bari ta biya gidan Mika'ilu ta huta kafin rana ta yi sanyi, ta kuma ji ko an samu labarin matafiya. Ba ta yi sallama da ƙarfi ba saboda azumi. Ta ɗaga labulen tsakar gida, ta yi kiciɓis da Inna Rahamatu a tsugune tana alwala.

Hapsatu ta saki guɗa.

"Hajiya! Lale, lale! Saukar yaushe? Shi ne ba a aiko ba? Kai, kin ga yadda kika yi fari kuwa? Ruwan can daban ne!"

Inna ba ta tashi ba. Butar na hannunta, ruwa na zuba a ƙasa.

"Ai ɗan gidan liman ya ce ya gan ki a talabijin kina ɗawafi, da farin mayafinki. Muka ce ita ce, tafiyarta ce. Hajiya, kin dai yi min addu'ar 'yata Zahara'u ko? Kin faɗi sunanta a jikin Ɗakin?"

"Ban je ba, Hapsatu."

"Na'am?"

"Ban je ko'ina ba. Ina nan tun ranar da kuka sa ni a mota."

Hapsatu ta zauna a kan turmi ta rasa inda za ta sa idonta, mai ciwon da mai lafiyar. Can ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta ce ita ba za ta faɗa wa kowa ba. Duk wanda ya san Hapsatu ya san iyakar wannan alkawari ita ce bakin titin Farin Dutse.

Bayan la'asar muna dakali, Alhaji Mika'ilu yana ba mu labarin wani jirgi da aka ce ya tashi daga Kano rabinsa babu kowa, sai muka ji takun sanda a cikin zaure. Inna Rahamatu ta tsaya daga ciki inda ba za mu ga fuskarta sosai ba. Ta saka mayafin tafiyarta.

"Mika'ilu."

Mutum ne mai shekara hamsin da wani abu, da furfura a gemu. Ya waiga hagu da dama kamar akwai wani mai sunan a wurin. Sannan ya zame daga kan dakali ya durƙusa. Mu kuma muka sunkuyar da kai, kowa ya sami abin dubawa a tafin hannunsa.

"Ban sayar da shanuna don a ci riba a kansu ba," ta ce. "Na sayar ne don in je. Gwiwoyin nan ba za su kai baɗi ba, ni na san su. Kira matar nan yanzu, ina tsaye."

Ya kira. Wannan karon bai yi niyyar buɗe muryar wayar ba, hannunsa ne ya saba.

"Miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai," in ji Hajiya Zulfa. "Kuma kujera ɗaya ce, wani ne ya fasa da azahar. Jibi za a tashi."

"Ɗaya? Ta biyun fa?"

"Sai ta manya a gaba, ita kuma ta haura miliyan huɗu. Alhaji, in kana so ka faɗa, akwai mutum uku a kanta."

Muka ga leɓensa ya motsa. Shekaru talatin na kasuwa suka taso masa har maƙogwaro, ya ce, "Hajiya, babu ɗan abin da za a..." Sandar Inna ta bugi daɓen zaure sau ɗaya.

"Yanka," ya ce. "Da sunanta. Rahamatu."

Biyan ma bai zo da sauƙi ba. Bankinsa ya ce ba a tura kuɗi mai yawa haka a yini ɗaya ta waya. Ya hau babur da azumi a bakinsa ya bi masu cire kuɗi na bakin kasuwa, wannan ya tura kaɗan, wancan ya ce na'urarsa ba sabis, na gaba ya tura saura, kowa yana yankar ladansa. Kafin kuɗin ya gama haɗuwa a hannun Hajiya Zulfa an kira magariba, na'ura kuma ta ƙara dubu talatin. Ya biya bai nemi ragi ba. Ya sha ruwa a tsaye a gaban wani shago.

Malam Abdulsamad, da yake ɗan ɗan'uwanta ne, shi ya zama muharraminta. Ya zo ranar tafiya da asuba, bai yi tsokana ko ɗaya ba, abin da ya fi tsokanar ciwo. Alhaji Mika'ilu ya ɗauki shatar mota ya raka su har filin jirgi na Kano. An ba Inna keken guragu saboda gwiwa, Abdulsamad yana turawa, jakar tana kan cinyarta. A ƙofar da ba a barin mai rakiya ya wuce, Mika'ilu ya durƙusa ya ce ta yafe masa, ta kuma sa shi a addu'a. Ta kawar da kai wajen bango kamar yadda ta saba.

"Abdulsamad," ta ce, "ka ce wa mai gidan Hadijatu na yafe. Ya kama hanya kada ya sha ruwa a mota."

Ya tsaya a bakin shinge har jirgin ya tashi, ko da yake ba shi da tabbacin ko shi ne nasu. Ya iso Birnin Kudu da yamma, ya wuce dakali bai zauna ba. Bizarsa ta mutu bayan kwana huɗu, tana cikin aljihun rigar da ya je Kano da ita.

Abin da al'amarin ya ci, gwargwadon yadda aka iya tattarawa, shi ne wannan.

Tikitin Inna Rahamatu, kujera ɗaya, naira miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da talatin.

Biza da masaukin Alhaji Mika'ilu, waɗanda ba a mayar da kuɗinsu, dubu ɗari bakwai da hamsin.

Sauya masauki daga ayarin farko zuwa na biyu, dubu arba'in.

Ladan masu cire kuɗi, dubu goma sha ɗaya.

Katin waya na kiran Kano, kimanin dubu tara.

Shatar mota zuwa filin jirgi da dawowa, dubu sittin.

Zaman Inna a ƙuryar ɗaki, wata ɗaya ba kaɗan.

Waɗanda suka yi niyya, mutum biyu. Wadda ta tashi, ɗaya.